Ɗan Limamin Ƙauyen da Ya Auna Kano: Tarihin Gidan Robinson

Mai karatu, in ka taɓa ratsa Sharaɗa ko Bompai da safiyar ranar aiki, ka san yadda abin yake. Wannan ƙofa a buɗe, ana jin ƙugin janareto. Ta kusa da ita a garƙame, ciyawa ta cinye harabar. Ta gaba kuma an mayar da ita sito, ana sauke dilolin atamfar da aka saƙa a wata ƙasa. In kuma ka taɓa zama a taron da ake kukan mutuwar masaƙun Kano, da wuya a tashi wani bai miƙe ya ce ai a da Kano ce ke tufatar da rabin mutanen wannan yanki ba, har Turawa na kwatanta ta da Manchester. Maganar tana da daɗin ji. Amma mu da muka saba da ɗakin gwaje-gwaje an koya mana cewa kafin ka yarda da awo sai ka tuhumi ma'aunin: wa ya ƙera shi, yaushe aka yi awon, kuma ta wane gefe yake karkata?

Wannan magana ta "rabin mutane" tana da uba. Sunansa Charles Henry Robinson, wani limamin coci ɗan Ingila da ya shigo Kano a watan Disamba na 1894, ya zauna kamar wata uku, ya koma gida ya wallafa littafi mai suna Hausaland a 1896. A ciki ne ya ƙiyasta cewa Kano na tufatar da fiye da rabin mutanen Sudan ta Tsakiya, wato sunan da Larabawa da Turawa ke kiran ƙasashen da ke tsakanin kogin Kwara da tafkin Chadi. To ma'aunin da za mu tuhuma yau ke nan. Kuma tunda mutum ne, ƙirarsa tana gidan da ya tashi. Gidan kuwa na wani limamin ƙauye ne a zamanin Sarauniya Biktoriya.

Wane ne limamin ƙauye?

Biktoriya ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901. A lokacin, kowane yanki na Ingila yana da cocinsa da limaminsa a ƙarƙashin Cocin Ingila, wato cocin da gwamnati ta amince da shi. Limamin yana da gidan muƙami kusa da cocin, da ɗan fili, kuma abin da yake ci yana fitowa daga ushirin amfanin gonakin yankin, wanda wata doka ta 1836 ta mayar da shi kuɗi. Shi ke yi wa jarirai baftisma, shi ke ɗaura aure, shi ke binne mamaci, shi ke riƙe rajistar duk waɗannan, shi ke sa ido kan makarantar ƙauye. A wurare da yawa shi kaɗai ne ya taɓa shiga jami'a a duk garin. Kuma saɓanin fadan Katolika, shi yana aure, yana haihuwa.

Abu biyu irin waɗannan gidaje suka riƙa fitarwa. Na farko, masu bin diddigin halitta. Mutum ne mai karatu, yana zaune cikin gonaki, yana da lokaci, sai ya shiga tara ƙwari da tsirrai da duwatsu, yana rubuta yawan ruwan saman da ya sauka. Rabaran Miles Berkeley, limamin ƙauye a yankin Northamptonshire, shi ne ya tsaya a 1846 kan cewa wata ƙwayar fumfuna ce ke ruɓar da dankalin Turawa, cutar da ta jawo yunwar ƙasar Ailan. Shi kansa Charles Darwin, da mahaifinsa ya tura shi jami'ar Kambirij, niyyar ita ce ya fito ya zama limamin ƙauye.

Na biyu, 'ya'ya masu yawa da ba su da gonar gado. Gidan muƙami ne, ranar da limami ya rasu iyalinsa za su tashi su ba wani. Don haka gadon yaran karatu ne kawai: Latin da Girkanci tun suna ƙanana, sai jarrabawar neman tallafi, sai jami'a. Daga nan wani ya zama limami, wani likita, wani ya bi jirgin ruwa zuwa inda daular Ingila ta kai. In kana neman misali a gida, dubi gidajen malamai na cikin birni irin na Madabo, inda littafi da alƙalami ke sauka daga kaka zuwa jika. Bambancin shi ne 'ya'yan waɗancan suna da daula a bayansu, mai jiragen ruwa da bindigogi.

Gidan George Robinson

George Robinson limamin Keynsham ne, wani ɗan gari a Somerset da ke tsakanin Bristol da Bath. Shi da matarsa Henrietta, 'yar gidan Forbes, duk asalinsu arewacin Ailan ne, kuma gidansu na ɓangaren cocin da ya fi ba da ƙarfi ga karatun Littafi Mai Tsarki da yaɗa bishara. Ba mai kuɗi ba ne. Allah ya ba su 'ya'ya goma sha uku, maza takwas, mata biyar. An haifi Arthur a 1856, Armitage a 1858, sai John Alfred, sai Charles a 1861, sai Forbes a 1867, wanda shi ne na goma sha ɗaya.

A ƙarshen shekarun 1860 George ya bar ƙauye ya karɓi cocin St Augustine a unguwar Everton ta birnin Liverpool. Ka riƙe wannan ƙaura a ranka. Liverpool ita ce tashar da audugar Amurka ke shigowa Ingila, kuma ita ce ƙofar da yadin Manchester ke fita zuwa duniya, har da gaɓar Afirka ta Yamma. Yaran da aka haifa cikin gonakin Somerset sun yi wayo ne a garin da ake auna arzikin ƙasa da yawan dilolin yadi. George ya rasu a 1881, Charles na da shekara ashirin.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mafi yawan mazan sun bi sawun uban. Armitage ya zama babban masanin rubuce-rubucen Kiristocin farko, ya shugabanci limaman babban cocin Westminster na Landan daga 1902 zuwa 1911, sannan na Wells har 1933, shekarar da ya rasu. Arthur ya ƙare a babban cocin Canterbury. Forbes ya koyar a Kambirij, ya rasu da ƙuruciya a 1904. Duk waɗannan ba su taɓa taka ƙasar Hausa ba. Waɗanda suka shafe mu biyu ne, John Alfred da Charles.

Kabari a Lokoja

John Alfred ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS, aka tura shi kogin Kwara a matsayin sakataren aikinsu. A lokacin shugaban aikin shi ne Bishop Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben da aka kama bawa yana yaro, aka 'yanta shi, ya zama baƙar fata na farko da ya kai bishop a Cocin Ingila a 1864. Shekara da shekaru shi da ma'aikatansa 'yan Afirka ne ke riƙe da tashoshin da ke bakin kogin.

A 1890 John Alfred da wani saurayi mai suna Graham Wilmot Brooke suka jagoranci wata tawaga zuwa Lokoja da niyyar shiga ƙasar Hausa. Sun sa riga da rawani, sun ci abincin gari, sun duƙufa koyon Hausa. John Alfred ya fassara Linjilar Matiyu zuwa Hausa. Amma akwai ɗaya fuskar labarin. Waɗannan samarin Turawa sun zo da raini ga ma'aikatan Crowther, suna ganin ba su kai ba. John Alfred na cikin waɗanda suka rubuta zarge-zarge a kansu, kuma a wani zama da aka yi a Onitsha a 1890 aka dakatar da da yawa daga cikinsu a gaban tsohon, har da ɗansa Dandeson. Crowther ya rasu ranar 31 ga Disamba 1891 cikin ɓacin rai, kuma Bature aka naɗa a gurbinsa.

Su ma samarin ba su daɗe ba. John Alfred ya rasu a Lokoja a watan Yuni na 1891, yana ɗan shekara talatin da 'yan kai. Brooke ya bi shi a watan Maris na 1892, da zazzaɓin nan mai baƙanta fitsari. Ka tuna sai a 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin jikin sauro. Kafin nan Bature a bakin Kwara bai ma san daga ina mutuwarsa ke zuwa ba. Babu ɗayansu da ya ga ganuwar Kano.

Don tunawa da John Alfred aka kafa wata ƙungiya a Landan mai suna Hausa Association, da manufar nazarin harshen Hausa da fassara littattafan addininsu cikinsa. Wa ya shugabance ta? Sir George Goldie, mai kamfanin Royal Niger, wanda ya samu izinin sarauniya a 1886 ya yi ciniki kuma ya yi mulki a bakin Kwara da Binuwai. Ƙungiyar ta riƙa shelar cewa masu jin Hausa sun kai miliyan 15, wato mutum ɗaya cikin kowane ɗari na duniyar lokacin. Wannan adadi ga limami rayuka ne da za a yi wa wa'azi, ga ɗan kasuwa masu sayen yadi ne, ga ɗan siyasa kuma talakawan da ake tsoron Faransa ko Jamus za su riga kaiwa gare su. Da ƙungiyar ta tashi tura ɗalibinta na farko, sai ta zaɓi ƙanen mamacin.

Tafiyar Charles

Charles ya fara da Tarabulus da Tunis a 1893, inda ya zauna da Hausawa mahajjata da fatake da 'yantattun bayi yana koyon harshen. Daga baya ya biyo ta teku ya hau Kwara zuwa Lokoja, inda kabarin wansa yake, ya bi Binuwai zuwa Loko, ya taka ta Keffi da Zariya har Kano. Tare da shi akwai likita, Dokta Tonkin, wanda ya mayar da hankali kan kuturta. Daga Kano suka koma ta Bida. Tafiyar mil 1,500 ce, kamar yadda ya sa a jikin sunan littafinsa.

Abin da ya fi ɗauke masa hankali a Kano shi ne tufafi. Ya ga auduga da ake nomawa a ƙasar, mata na kaɗi, masaƙa na fitar da siraran ƙyallaye ana ɗinke su su zama riga ko zane, marina na rinawa, mabuga na bugawa har ya yi ƙyalli. Ya lura cewa ana samun saƙin Kano a kasuwannin Tarabulus da Tunis da Iskandariya da Legas. A nan shaidarsa tana da nauyi, don biyun farko ya zauna a cikinsu da ƙafarsa. Gani ya kori ji.

Bari mu ɗan tsaya a bakin karofi, don abin da ya gani kimiyya ce tsagwaronta. Ganyen baba ba shuɗi ba ne. Yana ɗauke da wani sinadari marar launi, wanda sai an daka ganyen ya ruɓa ya haɗu da iska sannan yake zama shuni. Shunin kuma ba ya narkewa a ruwa, don haka ba zai kama zare ba. Dabarar marini ita ce ya zuba shi a rijiyar rini tare da ruwan toka da katsi, ya bar shi kwanaki. Tokar tana sa ruwan ya yi kaifi irin na kanwa, ƙananan halittun da ke ciki kuma su cinye iskar da ke ruwan, su juya shunin zuwa wani yanayi mai narkewa, mai launin kore-kore. A haka yake shiga cikin zaren. Da an tsamo yadin iska ta buge shi, sai ya koma shuɗi a idonka, ya maƙale. Yawan tsomawa, yawan duhu, har a kai ga turkuɗi irin na Kura da Buzaye ke naɗawa. Marinin bai taɓa jin sunan ƙwayar bakteriya ba, amma da hanci da harshe da launin kumfa yake gane lafiyar rijiyarsa.

Shin ƙiyasin Robinson ya tsaya? Hanyar da muka sani ita ce a gwada da wani ma'auni na dabam. Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. A lokacinsa wuri 2,500 ne ke sayen dalar azurfa ɗaya, ka ga dala 120,000 ke nan. Shi ma ya ambaci saƙin Kano a Timbuktu da Ghat da Tarabulus. Mutum biyu, shekara arba'in da uku tsakani, wannan Bajamushe wancan ɗan Ingila, sun haɗu kan cewa Kano ce cibiyar tufafi ta yankin. Wannan ɓangaren ya tabbata. Amma "fiye da rabi" ba ƙidaya ba ce. Robinson bai ƙirga masaƙa ba, bai ƙirga mutanen Borno da Adamawa da Azbin ba. Ko yawan mutanen birnin ma, Barth ya ce kamar 30,000 mazauna, su ninka a lokacin cin kasuwa, shi kuwa Robinson ya ce kamar 100,000. Duka biyun da ido suka auna. Don haka in za ka maimaita maganar a taro, faɗe ta a matsayin ƙiyasin baƙon da ya yi wata uku.

Inda ma'aunin ya karkata

Duk wanda ya taɓa ɗibar samfuri ya san cewa lokacin ɗiba na iya sauya sakamako. In ka ɗebi ruwan kogin Challawa ranar da majemu suka saki ruwan wankinsu, da in ka ɗiba a tsakiyar damina, ba abu ɗaya za ka gani ba. To wace Kano Robinson ya ɗiba?

Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a ƙarshen 1893. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. 'Ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fice zuwa Takai ƙarƙashin Yusufu. Da Yusufu ya rasu, Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu, ya karɓi jagoranci, ya ci birnin a 1894. Tukur ya fita zuwa ƙasar Katsina, kuma sai a watan Maris na 1895 aka kashe shi a Tafashiya. Wannan shi ne Basasa. Ka ga ke nan Robinson ya shigo watanni kaɗan bayan an ci birnin, ya fita daidai lokacin da ake rufe yaƙin. Ya ga ƙauyukan da aka ƙone, ya ga kamammun yaƙi a kasuwa, ya rubuta.

Kada mu yaudari kanmu. Bauta gaskiya ce a ƙasar Kano kafin Basasa da bayanta. Bayi na noma auduga da baba a rinji da gandu, kuma wani kaso na arzikin tufafin da muke alfahari da shi guminsu ne. Robinson bai ƙaga wannan ba. Har ma ya yi wata lura mai kaifi, cewa nauyin wuri na cikin abin da ke rura cinikin bayi. Keso ɗaya, wato wuri 20,000, kayan mutum guda ne. Ɗauki miliyan 300 ɗin Barth ka raba, za ka samu kaya 15,000. Don haka attajiri mai doguwar tafiya yakan tafi da bayi, su ɗauki kayansa, in guzuri ya ƙare ya sayar da ɗaya. Bawa ya zama alfadari kuma ya zama kuɗi.

Karkatar tana cikin maganin da ya bayar: a kawo tsabar kuɗi, a shimfiɗa layin dogo, Ingila ta karɓi ragama. Hoton shekarar yaƙi ya zama hoton kullum a idon mai karatu a Landan. Kuma mutumin da ya ɗauki hoton ɗan gidan bishara ne, wanda wansa ke kwance a Lokoja, wanda ƙungiyar da Goldie ke shugabanta ta tura, wanda ya girma a Liverpool. Ba sai ya yi ƙarya ba. Tarbiyyarsa ce ta zaɓa masa abin da zai kalla da abin da zai ɗauka a matsayin mafita.

Abin da ya biyo baya

Ya koma gida da kaya. A 1896 ya wallafa hotunan rubuce-rubucen ajami na waƙoƙin Hausa da ya samo, tare da fassara, abin da ya nuna wa Turai cewa Hausa harshe ne mai rubutaccen adabi. Jami'ar Kambirij ta ba shi koyar da Hausa. A 1897 ya fitar da nahawu, a 1899 da 1900 ya fitar da ƙamus mai juzu'i biyu. Ƙamusun yana da giɓi babba, don bai nuna karin sauti ba, abin da ke raba kalmomi da yawa masu rubutu iri ɗaya. Duk da haka shi ne ke cikin akwatin jami'an mulkin mallaka, ana ta sake buga shi, har ƙamusun Bargery ya fito a 1934. Bokon da kake karantawa yanzu ya bi ta hannun mutane da yawa, irin su Schön da Vischer Ɗan Hausa da East, kuma Robinson na cikin jerin.

Ranar 1 ga Janairu 1900 Lugard ya ɗaga tutar Ingila a Lokoja. A shekarar ne Bishop Tugwell da Dokta Miller suka iso Kano, Sarki Alu ya ba su 'yan kwanaki su fice. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Kanar Morland suka fasa birnin. A 1911 layin dogo ya iso Kano. Duk abin da Robinson ya roƙa an yi: tsabar kuɗi ta kori wuri, kasuwar bayi ta rufe, jirgi ya zo.

Sai dai jirgin da ya zo bai fita da saƙin Kano ba. Gyaɗa da fata da auduga ya riƙa kwasa, ya dawo da yadin Manchester ta tashar Liverpool. Kuma tun 1897, shekara biyu da fitar Robinson daga Kano, kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, bisa aikin masanin sinadarai Adolf von Baeyer. Sannu a hankali shunin gwangwani ya shigo har bakin karofi. Saƙar hannu ba ta mutu dare ɗaya ba, ta yi shekaru tana kokawa, kuma har yau akwai masu rini a Ƙofar Mata da Kura. Amma birnin da aka kwatanta da Manchester ya zama kasuwar Manchester.

Bompai, da Sharaɗa da Challawa da suka biyo bayanta, ƙoƙari ne na dawo da abin da ya tafi, wannan karon da injin. Masaƙun zamani suka maye gurbin masaƙin zaure. Majemun Challawa suka koma jima da sinadarin kuromiyom, mai gama aiki cikin kwana ɗaya ko biyu, a madadin bagaruwa, kuma kogin ne ke shan dagwalon. Sauran labarin ka san shi: tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, faɗuwar naira, rashin wuta, da yadin waje mai araha da ya cika Kantin Kwari.

Ƙarshen gidan

Charles bai sake zama a ƙasar Hausa ba. Daga 1902 ya zama mai kula da wallafe-wallafen wata ƙungiyar mishan ta SPG a Landan, har ya rasu a 1925. Shekara ɗaya bayansa, a 1926, Sarki Alu ya rasu a Lokoja, inda Turawa suka tsare shi bayan sun fara kai shi Yola. Garin da ya binne John Alfred shi ya binne sarkin da Charles ya tarar a kan karaga. Jikan George kuwa, John Robinson ɗan Arthur, ya zama bishop, kuma a 1963 ya rubuta Honest to God, littafin da ya girgiza Cocin Ingila saboda tambayoyin da ya yi wa yadda kakanninsa suka fahimci addininsu. Ita ma Keynsham daga baya ta samu babbar masana'antar cakulan, aka rufe ta a 2011, aikin ya koma Poland. Masaƙun Manchester ɗin ma yawancinsu yanzu gidajen kwana ne da ofisoshi.

To mai karatu, me za ka yi da Robinson? Ka karanta shi. Karkataccen ma'auni yana da amfani matuƙar ka san gefen da yake karkata, kuma yanzu ka sani. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne dalilin da ya sa har yau muke dogara da shi. Kano ta 1894 cike take da malamai, sun rubuta fiƙihu da tarihin sarakuna da waƙoƙi, amma in kana neman yawan tufafin da ke fita daga Kurmi, sai ka koma ga baƙi biyu, ɗaya ɗan limamin ƙauye.

Irin wannan giɓin muke haƙawa yanzu. Mutanen da suka yi aikin dare a masaƙun Bompai da Sharaɗa a shekarun 1970 da 1980 suna nan da ransu. Wasu na gadi, wasu na tuƙa Adaidaita Sahu, wasu na zaune a ƙofar gida. Sun san injin nawa ne a zaurensu, yadi nawa suke fitarwa a dare, daga wace ƙasa ake kawo sinadarin rini, nawa ne albashi, da ranar da aka kashe injin na ƙarshe. In akwai irinsu a gidanku ko unguwarku, ɗauki wayarka ka zauna da shi. Ka nemi izininsa, ka naɗi muryarsa, ka rubuta kwanan wata da wurin da kuka zauna. Ka tambaye shi abin da ya gani da idonsa, ka ware shi da abin da ya ji a bakin wasu. In yana da tsohon katin aiki ko takardar albashi, ka ɗauki hotonsu. Sannan ka rubuta ko kai wane ne da dalilin da ya sa ka yi tambayar, don wanda zai karanta bayan shekara ɗari ya san ta inda naka ma'aunin ya karkata.